Wa Zai Gyara Indararon Tsohon Gini?

A watan Satumba na 2016 aka wayi gari a Legas an baje Ilojo Bar, tsohon benen nan mai salon ginin Brazil da ke kusa da Dandalin Tinubu. Tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye, kuma tun 1956 sunansa ke cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Shekara sittin ke nan doka na cewa kada a taɓa shi. Ranar da katafila ta iso, takardar ba ta tare ta ba.

Duk lokacin da na ji ana murnar an sa wani gini a jerin kayan tarihi, wannan labari nake tunawa. Sa suna a jeri abu ne mai kyau, amma masu sa sunan galibi suna zaune ne a babban birnin ƙasa, ko ma a hedikwatar UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke Paris. Wanda ke bayar da izinin gini da na rusau a unguwa, wanda alhakin yashe kwata da gyaran magudanar ruwa ke wuyansa, wanda ke karɓar harajin gida, shi ne hukumar gari. A wasu ƙasashe ƙaramar hukuma ce kai tsaye, a wasu kuma majalisar birni da magajin gari. Ko da wane suna aka kira ta, ita ce ke kusa, kuma a ganina ita ce ya kamata a fara tambaya idan tsohon gini ya faɗi.

Mutane sun fi jin zafin rusau domin ido na ganinsa. Amma yawancin tsofaffin gine-gine ba katafila ke kashe su ba, ruwa ne. Indararo ya toshe da ganye da shekar tsuntsu, ruwan sama ya kwanta a kan rufi, ya sami 'yar kafa ya shiga. Damina ɗaya, biyu, itacen da ke riƙe da rufin ya jiƙe, gara ta same shi da laushi. A ƙasa kuma an zuba sabon titi ya ɗara dandamalin gidan tsawo, ruwan da a da yake wucewa yanzu gindin bango yake komawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin a farga, gyaran da magini ɗaya da tsani zai yi a yini guda ya zama aikin da sai an nemo ɗan kwangila da injiniya, daga nan kuma sai a ce ginin ya zama haɗari, a sauke shi kawai.

Mutanen Holan sun gane wannan tun 1973, lokacin da suka kafa Monumentenwacht, ƙungiyar duba lafiyar tsofaffin gine-gine. Aikinta ba ya wuce zagayawa: ma'aikata su zo da tsani, su hau rufi, su duba indararo da tagogi, su toshe ƙaramar ɓaraka nan take, su rubuta wa mai gida abin da ke buƙatar gyara da wanda zai iya jira. Babu bikin yanke kyalle a cikinsa, shi ya sa ɗan siyasa ba ya ɗokinsa. Amma irin wannan aiki ne daidai ƙarfin ƙaramar hukuma. Magina biyu ko uku, mota ɗaya, littafin da aka rubuta kowane tsohon gini da halin da yake ciki, da zagaye guda kafin ruwa ya sauka. Wanda ya ce kasafin kuɗin gari ba zai ɗauki wannan ba, ya duba abin da ake kashewa wajen kwashe ɓaraguzan gini ɗaya idan ya rufta kan titi.

Sai dai akwai mutumin da masu son tarihi suka cika mantawa da shi, wato mai gidan. Sau da yawa ma ba mutum ɗaya ba ne, magada ne goma ko ashirin, wasu na gari wasu sun yi nisa, kowa na jiran a sayar a raba. Ka zo ka ce musu doka ta hana rushewa, ta hana ƙara bene, ta hana canza taga, sannan ka juya ka tafi ba ka bar musu ko kwabo ba. Me ka yi? Ka mayar da gadonsu kaya a kansu. Wanda aka yi wa haka ba sai ya karya doka ba. Zuba ido kawai zai yi rufi ya yi ta yoyo har ginin ya faɗi da kansa, filin ya dawo hannunsa. Ni ban ga laifinsa duka ba. Idan gari ya ce gini na kowa ne, to nauyinsa ma ya zama na kowa.

Hanyoyin raba wannan nauyi ba sababbi ba ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar Mills ta 1972 ta ba birane damar ƙulla yarjejeniyar aƙalla shekara 10 da mai tsohon gini: a rage masa harajin gida, shi kuma ya ɗauki alkawarin kula da ginin, ana zuwa ana dubawa. A birnin New York kuwa sai da aka yi ihu bayan hari. An fara rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963, takaicin hakan ya sa birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. Da masu tashar Grand Central suka so ɗora dogon bene a kanta aka hana su, suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta goyi bayan birnin a 1978. Cikin abin da kotun ta duba har da cewa an bar wa masu tashar damar mayar da haƙƙinsu na gina tsawo zuwa wasu filaye na kusa. Dokar birni ce, ba ta tarayya ba, kuma ta tsaya ne domin ba ta bar mai dukiya hannu rabbana ba.

Na san abin da za a ce: garin da asibitinsa ba magani, makarantarsa ba kujeru, ina shi ina tsohon bango? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan amsa ta da alkawarin 'yan yawon buɗe ido ba, domin ba kowane gari suke zuwa ba. Amsata ita ce tsofaffin unguwanni mutane ne a cikinsu, kuma yawanci masu ƙaramin ƙarfi. Ranar 5 ga Nuwamba, 2018, tsofaffin benaye biyu suka rufta a titin Aubagne da ke Marseille a Faransa, mutum 8 suka rasu. Kuɗin duba tsohon gini kuɗin tsare rai ne, ko da babu wanda ya damu da tarihinsa.

Tunda kuwa mutane ne a ciki, dole a saurare su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Djenne ta ƙasar Mali, wadda ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1988, jama'ar gari ke fitowa kowace shekara su yi wa babban masallacinsu na ƙasa sabon yaɓe, magina na gaba suna nuna yadda za a yi. Amma mazauna gidajen da ke kewaye sun daɗe suna kukan cewa ƙa'idojin adanawa sun takura musu wajen gyara muhallinsu yadda zamani ke so. Matar da ke son famfo da banɗaki mai tsafta ba maƙiyiyar tarihi ba ce. Aikin ofishin gari ne ya nuna mata yadda za a shigar da bututu ba tare da an jiƙa bango ba, ya kuma gaya wa mai gida cewa shafa siminti a kan bangon ƙasa tarko ne: laima ta shiga ta kasa fita, bangon ya ruɓe ta ciki alhali waje na sheƙi. Wannan ilimi yana hannun tsofaffin magina, kuma idan hukuma ba ta ba su aiki ba, 'ya'yansu ba za su gaje su ba.

Ba na cewa ƙaramar hukuma ba ta ɓarna. Liverpool ta shiga jerin UNESCO a 2004, aka cire ta a 2021 saboda manyan gine-ginen da aka amince a yi a bakin tsohuwar tashar ruwanta, kuma majalisar birnin ce ta sa hannu. Hannun da ke iya tsarewa shi ne ke iya sakewa, musamman idan dillalan filaye sun fi mazauna unguwa samun ƙofar ofis a buɗe. Don haka littafin tsofaffin gine-gine ya kasance a fili, kowa na iya dubawa. Duk takardar neman rusau a manna ta a jikin ginin da kuma ƙofar sakatariya, a ba da wa'adin makonni kafin a yanke hukunci, a zauna da mutanen unguwa, sannan jami'in da ya amince ya sa sunansa a kan takardar.