Masu tallar "gyaran homon" sun san abin da suke taɓawa kuwa?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook ko TikTok sai ka ci karo da mai tallar maganin "gyaran homon", wato sinadaran da jiki ke fitarwa cikin jini su sarrafa abubuwa irin su al'ada da haihuwa. Mace al'adarta ta rikice, homon ne. Ta shekara biyu ba ciki, homon ne. Magidanci ya ji kasala a shimfiɗa, sai a ce masa testosteron ɗinsa, wato sinadarin maza, shi ne ya yi ƙasa, ga allura nan, ya turo kuɗi a aika masa ta tasha. Ba wanda ya ɗebi jinin kowa ya auna. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, waɗannan sinadarai da ake wasa da sunansu ba a gano su ba sai da aka sha baƙar wuya a ɗakunan bincike, kuma abin da aka fara ganewa game da su shi ne ɗan mitsitsi kaɗai ya isa ya juya jikin mutum.

Ku dubi yadda aka faro. A 1929 wani Bajamushe masanin sinadarai, Adolf Butenandt, ya tace istiron, ɗaya daga cikin sinadaran mata, daga fitsarin masu juna biyu. A shekarar ne kuma Edward Doisy ya yi irin wannan aiki a Amurka, kowa yana nasa. A 1931 Butenandt ya juya kan maza. Dubban litoci na fitsari aka tara masa a Berlin, aka yi ta dafawa ana tacewa, abin da ya rage a ƙarshe bai cika kan farce ba. Furojesteron, mai riƙe ciki, sai da aka haɗa ƙwan mahaifar aladu kusan 50,000 kafin a sami miligiram 20 a 1934. Testosteron kuwa a Amsterdam aka fitar da shi a 1935, a ɗakin binciken Ernst Laqueur, daga marainan bijimai. A wannan shekarar Butenandt da Leopold Ruzicka, kowa da tawagarsa, suka haɗa shi daga kolestarol, wani abu mai kama da kitse, domin shi ma jikinmu daga kolestarol yake ƙera duka waɗannan sinadarai. Su biyun aka ba kyautar Nobel a 1939, gwamnatin Hitler ta hana Butenandt karɓa a lokacin.

To abin da sai an matse dubban dabbobi kafin a ga ƙwayarsa, shi ne wani yau yake cewa ka sha cokali biyu safe da yamma, ba awo ba gwaji.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na doyar Meziko. Russell Marker, malamin jami'a a Pennsylvania, ya gano hanyar juya wani sinadari mai suna diyosjenin ya zama furojesteron. Ya shiga dazukan Veracruz a Meziko neman wata doyar daji da ba a ci, mai ɗauke da wannan sinadari, ya tono ta, ya sarrafa, ya fito da kusan kilo 3 na furojesteron a zamanin da giram ɗaya yake kai dala 80. Daga nan aka kafa kamfanin Syntex a 1944, kuma a ɗakin bincikensa ne a 1951 wani matashi ɗan Meziko, Luis Miramontes, tare da Carl Djerassi da George Rosenkranz, suka haɗa sinadarin da ya zama ginshiƙin ƙwayar tazarar haihuwa. Kada a manta da Percy Julian, Baƙar fatan Amurka, wanda ya haɗa nasa furojesteron daga waken suya duk da wariyar da ya sha. Amma a lura da kyau, 'yan uwa mata: matakan da Marker ya bi a cikin kwalaben gwaji, cikin ɗan Adam ba ya iya yin su. Ko buhu guda na wannan doya kika cinye, ko kika shafe jiki da man da aka yi da ita, ba za ta zama furojesteron a jininki ba. Wanda ya sayar miki da garin doya da wannan sunan, rabin labarin ya ɗauko ya bar rabi.

Wani zai ce ai mutane suna sha suna ba da shaida. Shaida ba yau aka fara ba. A 1889 wani babban likita a Paris, Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan marainan karnuka da na ɓerayen Masar, ya tsaya gaban 'yan uwansa masana ya ce ƙarfinsa ya dawo. Duniya ta ruɗe, likitoci suka yi ta yi wa mutane. Da aka zo aka sake haɗa irin ruwan nan aka auna bayan shekaru fiye da ɗari, testosteron ɗin da ke ciki bai kai ya yi komai ba. Mutumin ba maƙaryaci ba ne, ya sa rai ne jikinsa ya amsa. Idan hakan ta faru da farfesa, ban ga dalilin da zan yarda da saƙon murya na wata da ban sani ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga hannun masana shi ke nan. A 1938 aka haɗa wani sinadari a Ingila da ake kira DES, mai aiki irin na istirojin, wato sinadarin mata. Aka yi lissafi a kan takarda cewa zai hana ɓarin ciki, aka yi ta bai wa miliyoyin masu juna biyu. Tun 1953 wani gwaji a Chicago ya nuna ba ya hana komai, amma aka ci gaba da rubuta shi. Sai a 1971 likitocin Boston suka gano cewa 'ya'ya matan da aka haifa bayan uwayensu sun sha shi suna kamuwa da wata irin sankarar farji da ba a saba gani ga 'yan mata ba. Uwa ta sha, 'ya ta kwana a ciki bayan shekara ashirin. Haka a 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai mata fiye da 16,000 da suka daina al'ada, saboda haɗin da ake ba su na istirojin da furojestin, mai aiki irin na furojesteron, ya ƙara haɗarin sankarar mama da daskarewar jini. Daga baya an fahimci cewa shekarun mace da lokacin da ta fara sha suna sauya lissafin, shi ya sa har gobe likitoci suna ba wasu matan, amma bayan an duba tarihin lafiyarsu.

Alherin wannan bincike ba ya ɓuya. Charles Huggins ya nuna a 1941 cewa idan aka rage sinadarin maza, sankarar furostet, wato ɗan ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza, tana ja da baya, kuma har yau a kan wannan ake yi wa dattawanmu magani. Maganin Tamoxifen, wanda aka fara nema don hana ɗaukar ciki bai yi aikin ba, shi ne ya koma ceton matan da sankarar mamansu ke cin abinci daga istirojin. Kafin a ba mace shi, sai an kai ƙullutun da aka ciro ɗakin gwaji an tabbatar irin wannan sankarar ce.

Maza, ku nake so ku fi sauraro a nan. Idan ka yi wa kanka allurar testosteron, ƙwaƙwalwa tana ganin jini ya cika, sai ta daina aika wa maraina saƙon su yi aiki. Maraina su kwanta, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma su ɗauke gaba ɗaya har tsawon watanni. An taɓa gwada shi a matsayin maganin hana haihuwa na maza saboda wannan dalilin. Wato mai neman haihuwa da ya sayi allurar nan, da kuɗinsa ya rufe ƙofar, sannan a gida a ɗora wa matar laifi, a fara yi mata gorin kishiya. Banda kaurin jini da yake jawowa. Sau da yawa kuma kasalar da ake kuka da ita daga ciwon suga take, ko hawan jini, ko teɓa, ko rashin barci da tunanin cefane.

Gwajin ma yana da ƙa'idarsa. Testosteron da safe ake ɗibar jininsa, domin yana sauka da yamma, kuma ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an maimaita wata rana. Furojesteron na mace mai son sanin ko tana sakin ƙwai, kwana 7 kafin ranar da take sa ran al'ada ake auna shi. Idan aka ɗiba a kwanakin farko bayan zuwan al'ada dole ya fito ƙasa, ba don tana da ciwo ba. Ita kuma wadda al'adarta ke tsallake watanni, ga gashi a haɓa ga ƙuraje, likita zai so ya duba sukarinta da maƙoshinta da hoton mahaifa kafin ya rubuta ko ƙwaya ɗaya. Mai talla a waya, wanne daga cikin waɗannan ya tambaye ki kafin ya turo lambar asusu?