Matar Cikin Akwatin Talabijin Daban, Ta Gida Daban

A gidan kallon ƙauyenmu, can ƙasar Ringim, da an tada janareto an saka wasan barkwanci sai ka ji wani ya ce ai haka mata suke tun fil'azal: kishi, gulma, jiran cefane. Ba haka ba ne. Mai shirya wasa dariya yake nema, dole ya ƙara gishiri.

Ko a Amurka, Lucille Ball da ta riƙa fitowa a matar gida mai shirme cikin wasan barkwancin talabijin mai suna I Love Lucy tun 1951, ita ta zama shugabar kamfanin shirya wasannin talabijin na Desilu a 1962. Mai maganar nan ta gidan kallo kuwa, na san gidansu: kuɗin ƙuli-ƙulin Innarsa ne ya sayo takin bana.