Jirgin ruwa a tsakiyar Shanghai

Shekara shida ke nan ina Guangzhou ina lodin takalma da jakunkuna zuwa Kano, amma sai kwanan baya na taka Shanghai. Wani abokin cinikina ɗan China ya dage sai mun je mun ga "jirgin Louis Vuitton", wato na kamfanin nan mai yin jakunkuna masu tsada. Na ɗauka bakin teku za mu. Ashe a tsakiyar gari ne, unguwar Jing'an, gefen titin Nanjing: shago ne aka gina da siffar katafaren jirgin ruwa, tsayinsa kusan mita 30, samansa kamar an jibga akwatunan tafiya wani kan wani. A watan Yunin 2025 aka buɗe shi. Akwai wurin nuna tarihin kamfanin tun daga 1854 lokacin da yake ƙera akwatuna a Faris, akwai gidan shayi, sai kuma shagon.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne lokacin da suka zaɓa. A 2024 cinikin kayan ƙawa ya faɗi sosai a China, farashin gidaje ya karye, mutane sun riƙe aljihu. Ɗan Kantin Kwari idan kasuwa ta yi haka, raba shagon yake yi biyu ya ba wani haya. Su kuwa faɗaɗawa suke yi, a Shanghai da Seoul.

Na tsaya na fi rabin awa ina kallo. Jaka ɗaya a kan kanta, fitila a kanta, kewaye da ita fili wanda a Kwari zai ci dila goma. Yawancin masu layi hoto suka zo ɗauka. Ma'aikatan ba su damu ba, don duk hoton da ya hau waya talla ce ta kyauta, kuma attajirin da zai sayi jaka biyar ɗakinsa daban, da kujera da shayi. Mu a wurinmu shagon da bai cika har rufi ba alamar karaya ce. A nan filin da babu komai shi ake biya.

Kada a ce ingancin kaya ne kaɗai. Duk wanda ya san kasuwar fata ta Baiyun a Guangzhou ya san ana ɗinka kwafin da sai gwani zai rabe shi da na asali. Abin da ba a iya kwafa shi ne wancan jirgin.

Nan ne abin ya ɗan sosa min rai. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maradi ta daɗe tana ƙetare sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Yau ma ana jeme ta a Challawa da Sharaɗa a tura Italiya da Sifaniya, ta fita ba suna.

Da dare na tura wa kawuna hoton jakar, baduku ne tun kafin a haife ni. Da ya ji kuɗinta sai ya yi salati, ya ce, "Ɗana, fatar wace dabba ce?" Na ce, "Kawu, jikin nata ba fata ba ce, yadi ne mai kauri da aka shafa wa roba, hannun da bakin ne kawai fatar saniya." Ya yi shiru, sannan ya ce in ƙara matso da hoton ya ga ɗinkin.