Sharhi kan labarin maganin sinadarin mata da sankarar mama

Na karanta wannan labari da ya ce daɗewa ana shan maganin sinadarin mata yana ƙara haɗarin sankarar mama, kuma ina fargabar yadda za a fahimce shi a karkara. A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim akwai wata baiwar Allah da aka haifa mata-maza, likitoci suka cire mata ƙwayoyin haihuwa tun tana budurwa, kuma tun daga lokacin take shan istirojin, wato maganin sinadarin mata. Da jin labarin, yayarta ta ce mata, "Ƙanwata, ki bar ƙwayar nan, kada ta jawo miki ciwo."

Wani babban bincike na Amurka kan wannan magani da sakamakonsa ya fito a 2002 an yi shi ne a kan mata masu shekara 50 zuwa 79 da suka daina al'ada, kuma ƙarin haɗarin ya bayyana ga masu haɗa istirojin da furojestin, wani maganin sinadarin mata da ake ƙara wa masu mahaifa. Wadda ba ta da mahaifa, irin wannan baiwar Allah, istirojin kaɗai ake ba ta domin ya maye gurbin abin da jikinta ba ya samarwa, kuma idan ta daina, ƙasusuwanta za su yi rauni tun da sauran ƙarfinta, har ƙaramar faɗuwa a bakin rijiya ta karya ta.

Ina roƙon danginta su bar ta da maganinta, su riƙa raka ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ana duba mamanta, domin kunyar bakin mutane ce ta fi hana ta zuwa ita kaɗai.