Baƙo ya zo aikin gayya, ina birkilan gari?

A watan Oktoban 2019 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya faɗi a gidansa, aka yi masa ɗinki 14 a goshi. Washegari sai ga shi a Nashville, ido ya kumbura, bandeji a fuska, yana da shekara 95, ya fito aikin gina wa talakawa gidaje. Daga 1984 zuwa 2019 shi da matarsa Rosalynn sun ba Habitat for Humanity, ƙungiyar da ke wannan aikin gina gidaje, ƙarfinsu, har aikin ya kai su Durban a Afirka ta Kudu a 2002, da Haiti bayan girgizar ƙasar 2010. Wallahi ina girmama wannan dattijo.

Sai dai akwai abin da ke damuna game da dubban matasan da ke bin sawunsa. Ɗalibi ya taso daga Turai, ya biya kuɗin jirgi da masauki, bai taɓa kwaɓa siminti ba. Ya yi kwana bakwai yana miƙa bulo, ya ɗauki hotuna, ya koma gida. A garin da ya je kuwa ga birkila zaune a bakin titi da kayan aikinsa tun asuba, ba wanda ya kira shi. Kuɗin tikitin nan kaɗai zai biya shi da leburorinsa na makonni.

Ban ce kada su zo ba. Wanda ya ga ɗakin da ke yoyo da idonsa, ya ga uwa tana jera kwanuka a ƙasa cikin dare don tarar ruwa, ba zai manta ba, kuma sau da yawa shi ne mai ci gaba da turo taimako. Tsarin Habitat ma yana da abin yabo: mai gida yana zuba guminsa a ginin, sannan ya biya kuɗin gidan sannu a hankali, don haka ba ya jin sadaka aka ba shi.

Mu da muka san gayya mun san ƙa'idarta. In za a yi yaɓe kafin damina, magini ne ke cewa a kawo ƙasa nan, a ƙara ruwa can, kowa ya bi. Haka nake so ƙungiyoyi irin su Habitat su yi: a ɗauki birkila da kafinta na garin a biya su haƙƙinsu cikakke, a sayi bulo da kwano a kasuwar garin, baƙo kuma ya ɗauki kwanon siminti a kai, ya tsaya inda birkila ya ce ya tsaya.