Kafin Ku Buɗe Bokitin Fenti

'Yan uwana matasa masu gyaran gida, don Allah ku daina zaɓen kala a waya. Hoton da ya burge ku an ɗauke shi ne a hasken wani ɗaki, ba naku ba. Ku sayi ƙaramin gwangwani, ku shafa faɗin rabin mita a bango biyu, shafi biyu, ku duba da safe, da azahar, da dare bayan an kunna ƙwai. Ƙwan da aka rubuta masa 2700K yana ja da kala zuwa rawaya, na 6500K kuma zuwa shuɗi. Kala kuma tana ƙara ƙarfi idan ta mamaye bango, ruwan hodar da kuka gani sanyi-sanyi a katin zaɓen kala sai ta zo tana ihu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake yi wa kayan da. Tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙa, ko baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, ko zanen da magini ya fitar da hannu a jikin bango, sai a zo a lulluɓe da fenti mai ƙyalli har layukan su toshe. Ai daga waɗannan ake farawa! Su ne ba sa canzawa, fenti ne zai bi su. Idan katakon ya yi duhu, bango ya zama ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, domin ƙofar ta fito. Kala uku sun isa ɗaki: kashi 60 ta bango, 30 ta labule da kujeru, 10 mai ƙarfi a kan zanen kaɗai. Katakon a goge shi da samfefa mai lamba 120, sannan 180, ana bin tsawon jijiyarsa, a shafa banish siriri. Amma idan tsohon fenti ne a kai, kada a kankare shi a bushe, domin fentin zamanin da yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa guba ce ga yara. Amurka ma sai a 1978 ta hana shi a gidaje.

Bangon ƙasa numfashi yake yi. Kuka rufe shi da fentin mai, danshi zai maƙale a ciki, fentin ya kumbura kamar ƙunar wuta, ya ɓantare da yaɓen gaba ɗaya. Farar ƙasa ce tasa.

Sabon filasta kuwa a ba shi kwana 28. Wanda ya yi gaggawa zai ga farin gishiri yana tsattsafowa, fenti yana zuba kamar gari. Inda ke yoyo a toshe tukuna, fenti ba ya maganin laima.

Ga lissafi. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 48 ne. A cire ƙofa da taga, saura wajen 44. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana cin kamar murabba'in mita 10, shafi biyu ke nan lita 9. Ku saya a lokaci guda, ku juye bokitan wuri ɗaya ku gauraya, don kala ɗaya ma takan bambanta daga bokiti zuwa bokiti. Kuma ku sa ido kada mai fenti ya cika masa ruwa don ya auku, araha ba ta ado. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin bokitin, ku bar shafin farko ya yi awa 4 kafin a ɗora na biyu.