Kududdufin da aka cike, ruwansa ina zai je?

Da zarar ka ce a bar kududdufan Kano yadda suke, sai a ce ba ka tausayin ɗan haya. Jama'a, kowa ya san garin ya cika ya batse, kuma magidanci na da haƙƙin ya samu inda zai sa iyalinsa. Amma kududdufi ba filin banza ba ne. Akasarinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, ta gidaje da ta ganuwa wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, daga baya suka zama wurin da ruwan unguwa ke taruwa.

Mu yi lissafi. Kududdufi mai faɗin hekta 1 da zurfin mita 2 yana ɗaukar lita miliyan 20. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 kuwa, in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda na watan Agusta, lita 5,000 zai zubo a lungu. Wannan gida ɗaya ke nan. Ka cike ramin, ka yanka fuloti kusan 40 na ƙafa 50 da 50, ka ga an rufe maɓoyar ruwan, an kuma ƙaro rufi 40 masu zubar da shi.

Wanda ya sayi fulotin ma bai tsira ba. Yawancin cikon da shara ake yi, sai a yafa jar ƙasa a sama don ido. Shara tana ruɓewa, ƙasa ta zauna, bango ya tsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Danshi ya hau gini, filasta ta yi gishiri tana zubewa kamar gari, masai ya cika tun damina ba ta yi nisa ba, ƙazantarsa ta gangara rijiya. Cikon ƙwarai da marmara ake yi, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowacce ba ta wuce taƙi guda ba, a jiƙa a daddale kafin a ƙara wata. Wane dillali ne zai kashe wannan kuɗin?

A bayan gari kuma awon igiya, wato yanka fuloti ba tare da tsarin hukuma ba, shi ne ke cinye gonaki da fadama. Ba lambatu, ba filin makaranta, titin da motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Kuma kada mu zargi manomi: ya ga gari ya iso shi, yana tsoron a karɓe gonar a ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, sai ya riga gwamnati yankawa.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka ikon yana nan. A ganina, hukumar tsara birane ta jihar Kano (KNUPDA) da hukumar bayanan filaye (KANGIS) su auna duk kududdufin da ya rage, a kafa masa duwatsun iyaka, a haramta ba da takardar mallaka a kansa. A yashe shi da rani, a hana zuba shara, tunda ƙorafin sauro da wari gaskiya ne. Sabon awo a kai shi tudu, a fitar da titi da magudana kafin a sayar da fuloti ko ɗaya, a bai wa mai gona kasonsa a ciki. Cikin gari kuma, inda titi da ruwa da wuta suka riga suka isa, a sauƙaƙa izinin bene mai hawa biyu ko uku, bisa sharaɗin injiniya ya gwada ƙasar kuma tagogin sama kada su leƙa tsakar gidan maƙwabci.